Na'ura ta nuna 2400 a aji: iska nawa ke shigowa daga waje?

Malama:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambayata ga masu ilimin gini da masu ilimin lafiya na wannan zaure. An ba mu wata 'yar na'ura mai auna iskar kabon dayoksaid, wadda ake rubutawa CO2, a makarantar da nake koyarwa. Ajina tsawonsa mita 8, faɗinsa mita 7, daga ƙasa zuwa silin mita 3. Yara 40 ne, sai ni. Da safe kafin su shigo na'urar tana nuna wajen 420. Bayan awa ɗaya, tagogi a rufe saboda hayaniya, sai na ga ta kai 2400. Na ji an ce da wannan lamba ana iya gane yawan iskar waje da ke shigowa ɗaki. Yaya ake lissafin? Kuma 2400 ɗin nan abin tsoro ne ga yara?

Auta:
Wa alaikumus salam Malama. Bari in gwada, manya sa gyara mini. Lambar da na'urar ke nunawa ppm ce, wato kashi nawa cikin miliyan. Iskar waje a yanzu tana da wajen 420. Duk abin da ya hau kan wannan daga numfashin mutanen ɗakin ya fito. Babba da ke zaune yana fitar da kusan lita 0.005 na CO2 a kowace daƙiƙa, yaron firamare kuma wajen 0.003. To yara 40 sun ba da 0.12, ke kin ƙara 0.005, jimla 0.125. Bambancin ciki da waje kusan 2000 ne cikin miliyan, wato 0.002. Raba 0.125 da 0.002, za ki samu lita 62 na iskar waje da ke shigowa a daƙiƙa. In aka raba wa mutum 41, kowa ya tashi da lita ɗaya da rabi. Hukumar Lafiya ta Duniya a jagorar da ta fitar a 2021 lita 10 ta nema wa kowane mutum a daƙiƙa, kin ga ajin ya yi nisa da ma'auni.

Injiniya:
Ƙanena Auta, hanyar da ka bi daidai ce, kuma lissafinka babu kuskuren rabawa. Amma akwai sharaɗi guda da wannan hanya ta rataya a kansa, kuma a ajin Malama bai cika ba. Malama, ina da tambaya ɗaya: lokacin da kika ga 2400, lambar ta tsaya ne, ko tana ci gaba da hawa?

Malama:
Tana hawa, Injiniya. Duk sanda na leƙa sai in ga ta ƙaru. An kaɗa ƙararrawar tara ne yaran suka fita.

Injiniya:
To nan maganar take. A ɗauka durom ne da famfo ke zuba masa ruwa, a gindinsa kuma akwai huji. Da farko ruwan zai yi ta hawa. Yana hawa, tsiyayar tana ƙaruwa, har a kai inda abin da ke fita ya yi daidai da abin da ke shiga, sai ruwan ya tsaya a wuri ɗaya. In ka san ƙarfin famfon, ka kuma ga inda ruwan ya tsaya, za ka iya faɗin girman hujin. In kuwa ka auna tun ruwan yana kan hawa, za ka ce hujin ya fi yadda yake girma. Rabawar da Auta ya yi tana aiki ne kawai bayan lamba ta tsaya.

Yaushe take tsayawa? Ya danganta da sau nawa iskar ɗakin ke sauyawa a awa. In sau ɗaya ne a awa, sai an yi awa 3 kafin lambar ta kai kashi 95 cikin ɗari na inda za ta tsaya. In sau 6 ne, minti 30 ya isa. In rabi ne, awa 6. Kun ga inda abin yake da ciwo: ɗakin da iskarsa ba ta da kyau, wanda shi muka fi buƙatar mu gano, shi ne wanda ya fi daɗewa bai tsaya ba, shi ne kuma wanda wannan lissafi ya fi yi wa ado.

Mu dubi ajin da kyau. Girmansa 8 sau 7 sau 3, kubik mita 168, wato lita 168,000. Mutanen ciki suna zuba lita 450 na CO2 a awa. Da a ce an toshe ɗakin ruf, babu ko kafar allura, da lambar ta ƙaru da wajen 2700 a awa ɗaya. Malama ta ga ƙarin 2000. Abin da iska ta kwashe kaɗan ne ke nan. In aka bi lissafin hawan, sauyin iskar ajin wajen sau 0.6 ne a awa, kusan lita 29 a daƙiƙa ga dukan ajin, ƙasa da lita ɗaya ga kowane yaro. Rabin abin da Auta ya samu. Da yaran sun zauna har azahar tagogi a rufe, lambar za ta doshi 4700.

Auta:
Na gane, ranka ya daɗe. Ashe in lamba tana kan hawa, amsar da na samu ita ce mafi yawan abin da iskar za ta iya zama, gaskiyar tana ƙasa da haka.

Baba Dattijo:
'Ya'yana, ku yi mini a hankali. Malama ta yi tambaya biyu, kun kama ɗaya kun bar ɗaya. Yaran nan suna cikin haɗari ko ba sa ciki? Mu da muka taso, abin da muka sani shi ne hayaƙin gawayi ko na janareta a ɗaki rufe yana kashe mutane cikin barci. Wannan ita ce iskar da ake magana?

Likita:
Baba, Allah ya ƙara girma, gara da ka tambaya, domin mutane da yawa suna haɗa su. Wadda ke kashe mutane cikin barci kabon monoksaid ce, CO, tana fitowa daga wutar da ba ta ci sosai ba, tana kama jini ta hana shi ɗaukar iskar oksijin. Na'urar Malama ba ta ganinta sam. Duk wanda ke da na'urar CO2 kada ya ɗauka ta tsare shi daga hayaƙin janareta. Wannan na'ura daban ce, kuma ina roƙon kowa ya riƙe wannan ko da ya manta sauran.

CO2 kuwa a 2400 ba guba ba ce. Iyakar da hukumomin kare ma'aikata suka sa, a Amurka da wasu ƙasashe, 5000 ce na tsawon awa 8. Akwai binciken da ya nuna tunani da yanke shawara suna raguwa a 1000 da 2500, akwai kuma wanda aka yi bai ga haka ba, masana ba su gama daidaitawa a kai ba.

Abin da ya dame ni a lambar Malama wani ne daban. Numfashin da mutum ke fitarwa yana ɗauke da CO2 wajen 38,000 ppm. A 2003 wasu masu bincike biyu, Rudnick da Milton, suka nuna cewa in ka raba bambancin ciki da waje da wannan adadi, za ka samu kason iskar da kake shaƙa wadda ta riga ta shiga huhun wani ta fito. A ajin nan, 2000 a raba da 38,000 ya haura kashi 5 cikin ɗari. Wato a kowane numfashi 20 da yaro ya ja, kwatankwacin guda cikakke daga ƙirjin 'yan ajinsu ya fito. A ɗakin da ke nuna 800 kashi 1 ne kacal. In akwai mai tarin fuka ko ƙyanda ko mura a ciki, wannan kaso shi ne hanyar da cutar ke bi. Kuma abin da ya sa nake son wannan lissafi, ba ya jiran lamba ta tsaya. Duk lokacin da ka duba, abin da ka gani shi ne abin da ake shaƙa a lokacin.

Baba Dattijo:
Madalla, Likita. To in haka ne, me ya kawo dogon lissafi? A ce wa malamai in ta wuce 1000 a buɗe taga, shi ke nan. Na ji ma an ce doka ce ta duniya.

Injiniya:
Baba, ba doka ba ce, kuma tarihinta yana da amfani a sani. Wani masanin tsabtar muhalli a birnin Munich na Jamus, Max von Pettenkofer, shi ya kawo 1000 a 1858. Shi ma bai ce CO2 ɗin ce ke cutarwa ba. Ya ɗauke ta ne alamar cewa numfashi da warin jikin mutane sun taru a ɗaki. Daga baya ƙungiyar injiniyoyin sanyaya da ɗumama gine-gine ta Amurka, ASHRAE, ta sa 1000 a ma'auninta na 1989. Tushen shi ne lita 7.5 a daƙiƙa ga kowane babba, adadin da aka ga yana sa yawancin masu shigowa ɗaki ba sa damuwa da wari. Wannan adadi yana ba da ƙarin wajen 700 a kan iskar waje, iskar waje kuma a da ana ƙiyasta ta kusa da 300, sai aka samu 1000. Da aka ga mutane sun mayar da ita iyakar lafiya, sai aka cire ta daga ma'aunin. Andrew Persily na cibiyar ma'aunai ta Amurka, NIST, ya daɗe yana rubutu a kan wannan rashin fahimta.

Ga kuma wani abu: iskar wajen kanta ta sauya. Lokacin da Charles Keeling ya fara awo a dutsen Mauna Loa na Hawai a 1958, wajen 315 ya samu. Yau ta haura 420. Ɗakin da ke nuna 1000 yau ya fi ɗakin da ya nuna 1000 a wancan zamani samun iska, domin bambancin ya ragu. Shi ya sa kullum nake cewa a fara auna waje.

Likita:
Injiniya, a nan zan ɗan saɓa maka, in goyi bayan Baba. Duk abin da ka faɗa gaskiya ne, amma malamar da ke gaban yara 40 ba ta da lokacin kalkuleta. Ƙasashen da suka raba wa makarantu waɗannan na'urori lokacin korona lamba mai sauƙi suka ba su. A Birtaniya an ce in ta daɗe sama da 1500 iskar ɗakin ba ta da kyau, a wuraren waƙa da motsa jiki kuma a nemi ƙasa da 800. Hukumar muhalli ta Jamus tun 2008 ta kasa abin uku: ƙasa da 1000 babu damuwa, 1000 zuwa 2000 a ƙara iska, sama da 2000 ba a yarda ba. Wannan ya sa dubban tagogi sun buɗe. In muka ce sai wanda ya iya lissafi zai taɓa na'ura, za a mayar da ita cikin kwali.

Injiniya:
Ban ƙi ba, Likita. Don buɗe taga, lamba ɗaya ta wadatar, kuma ina tare da ku. Inda nake tsayawa shi ne lokacin da za a rubuta rahoto a ce "wannan aji yana samun lita kaza", a kai wa masu gini ko masu makaranta su yanke hukunci a kai. Na ga rahoton da aka shiga ofis da ƙarfe tara na safe, ma'aikata ba su fi minti 20 da zama ba, rabinsu ma ba su iso ba, aka ga 700, aka rubuta cewa iska ta wadata. Wannan takarda za ta zauna a fayil shekaru, duk wanda ya yi ƙorafin ciwon kai a nuna masa ita. Babbar lamba ba ta cika yin ƙarya ba, in ka ga 2400 akwai matsala. Ƙaramar lamba ce ke buƙatar tambayoyi: mutum nawa, tun yaushe, me suke yi.

Mai Gyaran Esi:
Sallama ga manya. Ni aikina ɗaura esi, wato na'urar sanyaya ɗaki, da gyaransa, bari in sa baki ta ɓangarena. Abin da na fi fama da shi wajen masu gida shi ne suna ɗauka esi yana kawo iska daga waje. Irin wanda ake kafewa a bango, mai injin waje daban, ba ya kawo ko kaɗan. Bututun da ke tsakaninsu gas ɗin sanyi ne ke bi, iskar ɗakin ce yake ja ya sanyaya ya mayar. Kuma don sanyi ya zauna sai a rufe ko'ina, har ƙasan ƙofa a toshe. Fanka ma haka, juya iskar take yi. Sanyin ɗaki daban, sabuwar iska daban.

Sai maganar na'urar kanta. Malama, ki duba bayanta ko takardarta, ki ga ko an rubuta NDIR. Wannan ita ce mai auna CO2 da gaske, da hasken infrared, wanda ido ba ya gani, da iskar ke shanyewa. Akwai wasu da ake rubuta wa eCO2, su ƙamshi da tururin sinadarai suke ji, sai su yi hasashe. Ki fesa turare ko ki shafa man wanke hannu kusa da ita, in lambar ta yi tsalle zuwa dubbai, ba ta gaske ba ce. Ki kuma fitar da ita waje inda babu mutane na minti 15, ya kamata ta sauka tsakanin 400 da 450.

Malama:
Na duba, NDIR ce. A waje ta nuna 425. Na gode ƙwarai. Injiniya, to tunda yara ba sa zama awa 5 a wuri ɗaya, wace hanya zan bi in samu amsa ta gaskiya?

Injiniya:
Ki bi saukar lambar, Malama. Wannan ita ce hanyar da na fi yarda da ita, domin ba ta buƙatar ki san yawan yara ko abin da kowa ke fitarwa. In an tashi, kowa ya fita har ke, ki bar tagogi da ƙofa yadda suke lokacin darasi. Ki ajiye na'urar a kan tebur a tsakiyar aji, nesa da taga da ƙofa. Ki rubuta lambar farko, ki cire ta waje, abin da ya rage shi ne ƙarin. Sai ki ga minti nawa ƙarin ya ɗauka kafin ya koma rabi. Raba 42 da waɗannan mintuna, amsar ita ce sau nawa iskar ɗakin ke sauyawa a awa. In na'urar tana ajiye bayanai, ki duba daga baya. In ba ta ajiyewa, ki juya fuskarta wajen gilashin taga ki riƙa karantawa daga waje, domin shigarki da numfashinki za su ɓata awon.

Auta, 42 ɗin daga logaridim na 2 ya fito, 0.693 sau 60. In kana son ka yi da kowane awo biyu, ka raba ƙarin farko da na biyu, ka danna ln a kalkuleta, ka raba da awannin da suka wuce.

Auta:
Tambaya, ranka ya daɗe. An koya mana CO2 ta fi iska nauyi sau ɗaya da rabi. Ba za ta kwanta a ƙasa ba? In haka ne ai a ƙasa ya kamata a ajiye na'urar.

Injiniya:
A rijiya ko rami ko inda aka tara ta da yawa tana kwanciya, kuma tana kisa a can. A ɗakin mutane ba haka ba ne. Numfashi da ɗumi yake fitowa, zafin jiki kuma yana ɗaga iska sama, sai ta gauraya. A ajiye ta daidai tsayin hancin wanda ke zaune, amma a nisanta ta da bakin mutane aƙalla rabin mita zuwa mita ɗaya. Yaro ɗaya ya hura mata, ta tafi 5000.

Malama:
Na dawo da sakamako. Tagogi a rufe: na fara da 2420, ƙarin wajen 2000 ke nan, rabinsa zai zama 1420 a fuskar na'ura. Ta kai can bayan kusan minti 70. 42 a raba da 70 ya ba ni 0.6, daidai da abin da Injiniya ya lissafa tun farko. Sai na sake gwadawa da tagogin ɓangarori biyu a buɗe, masu kallon juna. Ƙarin ya koma rabi cikin minti 7. Sau 6 a awa ke nan. Da na yi darasi a haka, lambar ta tsaya wajen 870 ba ta ƙara ba. Na nuna wa shugabar makaranta takardar, ta ce a gwada sauran azuzuwa.

Likita:
Alhamdu lillahi. Daga kashi 5 cikin ɗari na numfashin wasu zuwa kashi 1 da 'yan kai, ba tare da an sayi komai ba. Allah ya saka miki, Malama.

Injiniya:
Aiki ya yi kyau, Malama. Ninki goma tsakanin rufe da buɗe. Amma ku lura da wani abu a 870 ɗin nan, domin shi ne abin da nake ta nanatawa. Sau 6 a awa a ɗaki mai kubik mita 168 ya zama lita 280 a daƙiƙa, a raba wa 41, kowa bai kai lita 7 ba. Da manya ne a ɗakin suka nuna 870, da kowa yana samun lita 11. Yara ba sa fitar da CO2 kamar manya, don haka lambarsu tana fitowa ƙasa ko da iskar ba ta kai ba. A ɗakin motsa jiki kuma akasin haka, mai gudu yana fitar da ninki da yawa na mai zama. Persily da abokiyar aikinsa de Jonge sun fitar da jadawali a 2017 bisa shekaru da jinsi da nauyin jiki da irin aikin da ake yi, shi ya kamata mai rubuta rahoto ya duba maimakon ya ɗora 0.005 a kan kowa.

Na biyu, sau 6 ɗin na ranar ne. Iskar taga tana bin kaɗawar iska a waje da bambancin zafi tsakanin ciki da waje. Ranar da gari ya yi tsit za ki iya samun rabin haka. Ki maimaita a ranaku mabambanta, ki riƙe mafi ƙanƙanta.

Baba Dattijo:
To idan taga ba ta buɗuwa fa, sai ƙofa da ke kallon baranda ta ciki ko wani ɗaki?

Injiniya:
Nan lissafin yana iya ruɗar mutum ta fuska biyu, Baba. In ɗakin da ke maƙwabtaka babu kowa, iskarsa za ta shigo ta saukar da lambar, ka ɗauka iskar waje ce, alhali tsohuwar iskar gini ce mai ɗauke da warin fenti da na kayan ɗaki. In kuma cike yake da mutane, lambarka za ta ƙi sauka ko da taka tagar tana aiki. Sai a auna can ma. Haka in akwai murhun gas ko wata wuta a kusa, tana zuba CO2 da ba ta numfashi ba, lissafin mutane ya rushe.

Likita:
In ƙara ɗaya daga ɓangarenmu. Na'urar tace iska mai matatar HEPA tana kama ƙwayoyin cuta da ƙura, amma CO2 tana wucewa ta cikinta. Ɗaki zai iya nuna 1500 alhali haɗarin kamuwa ya ragu sosai saboda matata. Haka kuma ɗaki zai iya nuna 600 amma hayaƙi ko ƙura sun cika shi. Lambar tana magana ne a kan numfashi da iskar waje kawai. Kuma a asibiti ma'aunin ya fi tsanani: jagorar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2009 a kan iskar taga ta nemi lita 60 a daƙiƙa ga kowane majiyyaci a ɗakunan kwanciya, lita 160 a ɗakin masu cutar da ke bin iska. A irin wannan yawan iska ƙarin CO2 bai kai 100 ba.

Injiniya:
Wannan kuwa ya kai mu iyakar na'urar. Yawancin ƙananan nan kuskurensu yana kai 50 sama ko ƙasa, da ƙarin 'yan kaso na abin da suka karanta. In ƙarin 2000 ne, 50 ba komai ba ne. In ƙarin 100 ne, rabin amsar ke nan. Don haka a ɗakin da iska ta yi yawa, ko mutane suka yi kaɗan, wannan hanya ba ta da ƙarfi. A can sai a auna iskar a bakin bututu kai tsaye, ko a saki CO2 daga tulun gas da gangan a ɗaga lambar, a gauraya da fanka, sannan a bi saukarta. Wannan aikin ƙwararru ne, kada wani ya gwada shi a gida.

Mai Gyaran Esi:
Likita, tunda ka ambaci asibiti, akwai tarko guda a wuraren da ba a taɓa barinsu babu mutum. Yawancin na'urorin nan suna saita kansu. Suna duba mafi ƙanƙantar lambar da suka gani cikin kusan mako guda, su ɗauka ita ce iskar waje, su kira ta 400. A aji ko ofis wannan yana aiki, tunda da dare kowa ya tafi. A ɗakin marasa lafiya ko ɗakin masu gadi, inda lambar ba ta taɓa sauka ƙasa da 800 ba, na'urar za ta mayar da 800 ta zama 400, daga nan duk abin da ta nuna ya ragu da ɗaruruwa. A irin wurin nan a kashe saitin kai-da-kai in tana da maɓallinsa, a riƙa fitar da ita waje ana saita ta da hannu.

Auta:
To ɗakin kwana fa? Ba a fita a bar shi da dare, da safe kuma ana buɗe ƙofa.

Injiniya:
Ɗakin kwana shi ne wurin da rabawarka ta farko ta fi dacewa, ƙanena, domin sharuɗɗan suna cika da kansu. Yawan mutane ba ya sauyawa, aikinsu ɗaya ne, ƙofa tana yadda take, kuma ana yin awa 7 ko 8. Mai barci yana fitar da wajen lita 0.0035 a daƙiƙa. A ce mutum biyu a ɗaki mai mita 4 da 4 da 3, da asuba na'ura ta nuna 1420. Ƙarin 1000 ne, 0.007 a raba da 0.001 ya ba da lita 7 a daƙiƙa, kubik mita 25 a awa, a ɗaki mai kubik mita 48 kusan rabin sauyi a awa. Mai rabin sauyi yana buƙatar awa 6 ya tsaya, daren ya isa. Amma kada ka dogara da lambar ƙarshe kaɗai. In na'urar tana ajiye bayanai, ka buɗe zanen hawa da saukar lambar na daren gaba ɗaya a waya, ka dubi awa biyun ƙarshe kafin a farka. In layin ya kwanta, yi rabawarka. In har yanzu yana hawa, ka rubuta a gefen amsar cewa iskar ba ta kai haka ba, sannan da safe ka ja ƙofar bayan kun fito ka auna saukarta.